Godiya ga Shagon da Ke Sayar Mana da Ruwan Shafen Gilashin Sola

Assalamu alaikum, Alhaji da yaran shago.

Mu masu haɗa sola muna miƙa godiyarmu a bainar jama'a, domin ba ku sakin kwalbar ruwan shafen da ke rage wa gilashin sola datti sai kun faɗa wa mai saye abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba.

Ku kuka bambance mana kayan. Akwai na sinadarin silika mai korar ruwa, wanda ɗigo ke dunƙulewa a kansa ya gangara kamar a ganyen gwaza. Akwai kuma na sinadarin titaniyam, shi ba ya korar ruwa, shimfiɗa shi yake yi. Hasken rana ke sa shi ya ci maiƙo da datti, ruwan sama ya zo ya kwashe. Kun ja kunnenmu kada a ɗora ɗaya kan ɗaya, tunda aikinsu kishiyar juna ne.

Abin da ya fi burge mu shi ne gaskiyar da kuka faɗa kan hunturu. Gilashi ba ya wanke kansa sai da ruwan sama, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwan sama a arewa. Shafen yana rage wa ƙura kamu ne kawai, wanki yana nan daram. Ba kowane ɗan kasuwa zai faɗi haka ba.

Ga kuma tsarin da kuke koyarwa: a wanke gilashi da ruwa mai tsabta, a goge maiƙo da sifirit, a bar shi ya bushe sarai, sannan a shafa siriri da kyalle mai laushi da sassafe. Gilashi mai zafi yana busar da ruwan shafen kafin ya baje, sai ya bar zane-zane. Awa 24 kada ruwa ya taɓa shi. Soson ƙarfe da garin sabulu suna kankare shafen, ruwan burtsatse mai gishiri kuma yana barin farin tabo.

Har kun hana mu shafa wa sabbin allunan da suka zo da rufin rage ƙyalli daga kamfani. Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, wannan rufin ke rage shi, ƙari a kansa na iya ɓata shi har garanti ya faɗi. Ciniki kuka rasa a nan, amma kuka faɗa.

Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya raya zuri'a.

Naku,
Masu haɗa sola, abokan cinikinku