Amsa ga mai tambayar aikin soja idan babu yaƙi

Assalamu alaikum Malam,

Tambayar da ka jefo mana a bainar jama'a ita ce: idan babu yaƙi, me sojojin kundumbala na ruwa na Amurka, wato Marin, suke yi, su da sauran sojoji? Ko zaman bariki ne kawai ana jiran ƙarshen wata? Ba mu ga laifinka ba, wanda ke bayan katanga fareti kaɗai yake hange. Za mu tsaya kan rundunar Marin tunda ita ka ambata, amma yawancin abin da za mu faɗa haka yake a duk rundunar da ke da tsari.

Shirin yaƙi ba ya ajiyuwa. Hannun da ya daina harbi yana mantawa, ƙarfe yana tsatsa, mutane kuma suna barin aiki. Shugaban rundunar da kansa ya bayyana a 2021 cewa kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin shiga suna tafiya da zarar wa'adinsu na farko ya cika, galibi bayan shekara 4. Ke nan kullum akwai sabon kurtu da za a koya wa abin da na jiya ya tafi da shi.

Horon farko mako 13 ne, a sansanin Parris Island ko na San Diego, amma jarrabawa ba ta ƙarewa a nan. Kowace shekara akwai gwajin ƙarfin jiki guda biyu. Na farko ya haɗa da gudun mil 3, kusan kilomita 5. A na biyu mutum zai yi gudun yadi 880 da takalmin soja a ƙafa, ya yi ta ɗaga akwatin harsashi mai nauyin kilo 13 da ɗoriya sama da kansa har minti 2, sannan ya ja abokinsa a ƙasa, ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga. Akwai kuma gwajin harbi da ya kai nisan yadi 500, kuma mai dafa abinci da akawun ofis duk suna ciki. Makin da mutum ya samu yana shiga lissafin ƙarin girma, shi ya sa ba a wasa da shi.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne gyara, kuma shi ne ba a nunawa a talabijin. Bindigar da aka yi harbi da ita sai an warware ta, a kankare baƙar dauɗar albarushi da ta daskare a cikinta, a goge bututu, a shafa mai, a mayar. A duba gidan harsashi ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa cijewar bindiga daga nan take: leɓensa ya lanƙwashe ko sifirin ya saki. Kafin a rufe ma'ajiyar makamai sai an ƙirga komai da lambarsa, kuma in abu ɗaya ya ɓace, an hana kowa tafiya gida har a gano shi. A teku gishiri ne babban abokin gaba. Jirgi mai saukar ungulu da ke kan jirgin ruwa sai ana wanke shi da ruwan daɗi a kai a kai, ko ya tashi ko bai tashi ba.

Ka ji abin da sakaci da wannan yake jawowa. Ranar 30 ga Yuli 2020, ana cikin atisaye kusa da tsibirin San Clemente a Kalifoniya, wata motar sulke mai tafiya a ruwa da tudu ta nutse, Marin 8 da sojan ruwa 1 suka rasu. Binciken rundunar ya nuna man giyar motar ya tsiyaye, giya ta mutu, famfunan da ke kwashe ruwa daga ciki suka kasa, ga ruwa yana shigowa ta wuraren da ba a liƙe da kyau ba. Da yawa daga waɗanda ke ciki ba su kammala horon fita daga motar da ta nutse ba, kuma babu kwalekwalen ceto da aka tanada a kusa. Duk waɗannan aikin lokacin zaman lafiya ne da ba a yi ba. A ganinmu, wanda yake son sanin ingancin runduna ya leƙa garejinta kafin filin faretinta.

Wani sashe nasu kuma kullum yana kan teku. Akwai ayarin ko-ta-kwana guda 7, kowanne da mutum wajen 2,200 a kan jiragen ruwa 3, ɗauke da guzurin kwana 15. Ana shafe kusan wata 6 ana horar da ayari, sannan ya yi wata 6 ko 7 yana yawo. Su ake turawa idan gari ya rikice: sun kwashe baƙi daga Laberiya a 1990 da Saliyo a 1997. Marin sun kuma kai agaji Bangaladash bayan guguwar 1991, da Japan bayan girgizar ƙasa da ambaliyar 2011, da Filifin a 2013. Dalili kuwa, jirage da injinan tace ruwa da likitocin da aka tanada don yaƙi su ne dai ake nema ranar da tashar ruwa ta rushe, hanyoyi suka yanke.

Waɗanda ke gadin ofisoshin jakadancin Amurka, har da na Abuja da Yamai, wani reshe ne na Marin da ake horarwa a sansanin Quantico. Aikinsu cikin gini ne, kare ma'aikata da takardun sirri. Tsaron titi da bakin ƙofa yana wuyan ƙasar da ta karɓi baƙin.

Inda muke ba ka gaskiya shi ne batun zama. Akwai shi, kuma yana da yawa: a tara mutane tun asuba don motar da sai hantsi za ta zo, gadin awa 24 da babu abin da ya faru, sharar bariki ta daren Alhamis da saje zai shafa yatsa a saman ƙofa yana neman ƙura. Wani jiran ba makawa, don kowane mataki na shugabanni yana ƙara 'yan mintoci gudun makara. Wani kuwa rashin tsari ne, kuma laifin hafsoshi ne, ba na kurtun da ka hango a inuwa ba.

Wassalam.