Bayanin Kod da Na'ura ke Rubutawa: Kira ga Matasanmu Masu Koyon Sana'ar Manhaja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi matasanmu da ke shiga sana'ar rubuta manhaja, musamman 'yan Agege, Idi-Araba da Mile 12 da nake haɗuwa da su a Yaba. Ni ma wannan ce sana'ata, kuma na shafe shekaru ina yin ta a nan Legas.

Kowane mai rubuta kod, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin gina manhaja, ya san cewa aikin da aka fi ƙi a cikin sana'ar shi ne rubuta bayani, wato 'yan layukan da ake sakawa a saman kowane sashe na kod da kuma takardar da ke nuna wa na baya yadda manhajar take aiki. Tun da GitHub Copilot, mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke taya mutum rubuta kod, ya fito a 2021, aka buɗe shi ga kowa a 2022, sannan ChatGPT ya biyo baya a watan Nuwamban shekarar, wannan aikin ya yi sauƙi ƙwarai. Mutum yana zaune yana aiki a cikin VS Code, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta, sai ya zaɓi sashen da yake so, ya nemi ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa bayani, kafin ya kurɓi shayi ta gama, da Turanci mai tsabta. Ina amfani da ita kullum, kuma na ga amfaninta a inda ban zata ba: idan na canza kod na manta ban gyara bayanin da ke samansa ba, zan iya neman ta duba, takan nuna mini inda biyun suka saɓa. Wannan babban taimako ne, domin tsohon bayani da bai dace da kod ba ya fi rashin bayani haɗari.

Damuwata ita ce, na'urar tana karanta abin da ke rubuce ne kaɗai. Takan faɗi abin da kod yake yi, amma dalilin da ya sa aka rubuta shi haka yana cikin kan mutumin da ya rubuta shi, kuma ba ta da hanyar shiga can. A wani wuri da na yi aiki, muna da manhajar da 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi da ita. A cikinta akwai sashen da idan banki bai amsa ba, yakan dakata, ya tambayi bankin ko kuɗin sun fita, kafin ya sake turawa. An saka wannan ne a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, layukan bankuna suka cushe, har ana cire wa mutum kuɗi sau biyu a ciniki ɗaya. Wanda ya rubuta sashen ya tafi ƙasar waje, kamar yadda da yawa daga cikin abokan aikinmu suka yi. Bayanin da na'ura ta rubuta a kai ya ce sashen yana jira kafin ya sake gwadawa, kuma gaskiya ta faɗa. Wani sabon ma'aikaci mai ƙwazo ya karanta, ya ga jiran yana rage saurin manhajar, ya cire shi. Allah ya sa mun gano a wajen gwaji. Da ya wuce, mai sayar da tumatir a Mile 12 ne zai tsaya yana rantsuwa ga abokin cinikinsa cewa bai ci masa kuɗi ba, alhali babu laifin ko ɗayansu. Layi ɗaya da ɗan Adam zai rubuta, ya ce an saka jiran ne saboda gudun cire kuɗi sau biyu, da ya wadatar.

Haka kuma batun kwabo. Tsarin biyan kuɗi da yawa suna ƙirga adadi da kwabo ne, naira ɗaya kwabo 100. Idan sunan da aka bai wa wurin a cikin kod bai nuna haka ba, na'ura za ta rubuta "adadin kuɗi" kawai, kuma mai karatu zai tura 50,000 yana nufin naira, a biya naira 500.

Saboda haka nake kira ga ƙannena da ke koyon wannan sana'a da su bar na'ura ta yi daftarin farko, amma su karanta shi layi bayan layi suna kwatanta shi da kod ɗin, su goge abin da ta ƙara na cika fili, sannan su rubuta dalili da hannunsu tun yana sabo a ransu. Shugabannin ma'aikata kuma su riƙa duba bayani kamar yadda suke duba kod kafin su amince da shi. Kyawun Turancin na'ura yana sa ido ya wuce ba tare da tsayawa ba, kuma na kama kaina ina yin haka fiye da sau ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafi amana. Waɗannan kayan aiki galibi suna tura abin da ke cikin fayil zuwa kwamfutocin kamfanin da ya mallake su, a wajen ƙasar nan. Wanda ya bar makullin sirri na banki ko lambobin wayar abokan ciniki a cikin fayil, sannan ya nemi a rubuta masa bayani, ya fitar da su ke nan. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhakin irin wannan a kan mai riƙe da bayanan, kuma ina fata cibiyoyin da ke koyar da matasa a Yaba da Ikeja za su riƙa koyar da wannan tun a makon farko.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja,
Agege, Legas.