Masu takalmin taya a Kaduna: a ware musu hanya

Edita,

Assalamu alaikum. Ku ɗan ba mu fili mu yi magana a kan samarin da ke shawagi da takalmi mai taya a titunan Kaduna, wasunsu har da maƙale wa bayan keke Napep ko bas. Wasan kansa ba shi da aibu, wurin da ake yinsa ne bai dace ba.

Inda wasan ya kafu, hanya guda ake ware musu su da masu keke. A Los Angeles ta Amurka akwai wadda ta bi gaɓar teku kusan kilomita 35, ta ratsa Santa Monica da Venice, mota ba ta hawanta. Mu ba mu da teku, amma ga Kogin Kaduna da Gamji a bakinsa, ga kuma Dandalin Murtala. Ko kilomita biyu aka shimfiɗa da faɗin mita uku, ya isa a fara. Sai dai a yi siminti sumul ko kwalta mai laushi, ban da intalok, domin tsagin da ke tsakanin tubalan yana girgiza ƙafa, yana kuma kama taya.

Kafin a kai ga haka, mai sayen takalmin, musamman na gwanjo, ya duba jikin taya. Zai ga lamba biyu, misali 80mm da 82A. Ta farko girman taya ce, ta biyu taurinta. Ɗan koyo ya tsaya a 76 zuwa 80. Manyan nan masu 100 ko 110 na tsere ne, suna ɗaga ƙafa sama, mutum ya kasa daidaita tsayuwarsa. A kwaltarmu mai kaushi da zafi, taya mai taushi irin 78A ba ta daɗewa take cinyewa, gara 82A zuwa 85A. Takalmin kuma ya kama idon sawu tsam. In ya yi yawa, ƙafa za ta riƙa karkata ciki.

Boris, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye da ke tsakiyar taya yana sa ta juyawa, shi ne abin da ya fi ba da wahala. Kowace taya tana da biyu, masu lamba 608, wato 16 ke nan a takalmi mai taya huɗu-huɗu. Masu yi a bakin teku yashi ne ke kashe musu shi, mu nan ƙurar hunturu ce. Alamarsa, ka juya taya da hannu ka ji tana ƙara kamar ana niƙa, ta tsaya nan take. A kwance da alanki, yawanci mai lamba 4, a wanke boris da kananzir, a bari ya bushe sarai, sannan a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Kada a wanke da ruwa, kada kuma a ratsa ruwan da ya kwanta da damina, tsatsa ce za ta biyo baya. Taya ta fi cinyewa ta gefen ciki, don haka a riƙa musanya ta ɗaya da ta uku, ta biyu da ta huɗu, a juya gefen da ya ci ya koma waje. Kullum kafin fita a taɓa kusoshin tayoyin, sukan saki.

Sai birki, wanda yara da yawa ke cirewa wai don gayu. Roba ce a dunduniyar ƙafar dama. Za ka durƙusa kaɗan, nauyinka ya koma ƙafar hagu, ka turo ta dama gaba, ka ɗaga yatsu har robar ta danne ƙasa. Wanda bai iya wannan a fili ba, ba shi da abin yi a gangara. In faɗuwa ta zo, a faɗa gaba a kan makarin gwiwa. Wuyan hannu ne ya fi saurin karyewa, saboda hannu mutum ke fara kaiwa ƙasa, shi ya sa makarinsa da hular kwano ba na ado ba ne.

Wanda ya riƙe bayan mota kuwa, direba bai san da shi ba, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya cak alhali motar na ci gaba da jansa. Muna roƙon hukuma, tun kafin a gina komai, ta ware wani ɓangare na Dandalin Murtala ko da safiyar Asabar ce, a share shi, a sa wanda zai hana shiga ba hular kwano.

Wassalam,
Wasu masu koyar da wasan, Kaduna