Idan kemo ya daina aiki a kan melanoma, ba a nan magani ya ƙare ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi bayani kan wani ciwon daji da ba a cika ambatonsa ba, wato melanoma, musamman abin da ya rage wa majinyaci da danginsa ranar da likita ya ce kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ya daina aiki. A nan Kebbi, da zarar an ji wannan magana sai a naɗe tabarma, a ce "a koma gida a yi na Hausa". Masu ɗan hali kuma su sayar da gona da shanu su nufi Masar ko Indiya, ba su ma san abin da za su je nema ba. Duka biyun akwai gaggawa a ciki.

Melanoma daji ne da ke tashi daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. A jikin Turawa yakan fito a inda rana ke duka. Mu baƙar fata kuwa a tafin ƙafa ya fi kama mu, ko diddige, ko ƙarƙashin farce. Manomin shinkafa a fadamar Argungu zai ga baƙin tabo a diddigensa, ya ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki. Wanzami ya yanke, abu ya dawo. A hankali ya zama gyambo baƙi ƙirin mai tsattsafar jini, sannan kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sauka. Kafin a isa babban asibiti, sau da yawa ya riga ya kai huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

A wannan mataki abin da aka fi samu a hannu shi ne allurar dacarbazine, wadda aka fara amfani da ita a Amurka tun 1975. Cikin mutum goma, ɗaya ne zuwa biyu ciwon ke ja da baya a jikinsu, shi ma na 'yan watanni, kuma ba a taɓa tabbatar da cewa tana ƙara tsawon kwana ba. Ana bayar da ita ne don ita aljihu ke iya ɗauka. Saboda haka in ta gaza, ba abin mamaki ba ne, kuma ba ta nuna cewa sauran magunguna za su gaza. Sauya ta da wani kemo, kamar temozolomide ko carboplatin da paclitaxel, ba ya cika kawo wani bambanci, sai ƙarin galabaita.

Kafin a kashe ko kwabo, a fara neman takardar sakamakon naman da aka yanka. Ban da ita akwai abin da dangi ba su san da shi ba: ɗakin gwaji yana ajiye guntun naman a cikin ɗan dunƙulen kaki da bai kai akwatin ashana ba, da lamba a jikinsa. A rubuta takarda a nemi wannan dunƙule. Da shi ake tabbatar da cewa melanoma ne, da shi kuma ake gwajin sauyin ƙwayoyin halitta guda biyu, BRAF da KIT. Duk wanda ya tafi waje ba tare da shi ba, sai an sake yanka shi, an sake jira. Sannan a yi hoton CT na ƙirji da ciki, a duba kai da MRI ko CT ko da babu ciwon kai, domin melanoma na son ƙwaƙwalwa. A jini a auna LDH (wani sinadari da kan hau idan daji ya yaɗu), aikin hanta da ƙoda, sukari da sinadarin maƙoshi, a duba ciwon hanta nau'in B, ƙanjamau da tarin fuka. Akwai kuma awon da ba ya buƙatar na'ura: shin majinyaci yana tashi ya je bayi da kansa, yana wuni fiye da rabin rana ba a kwance ba? Wanda ya riga ya kwanta ɗungurungum da wuya magani mai tsada ya amfane shi.

Babban abin da ya sauya labarin wannan ciwo a duniya shi ne maganin tayar da garkuwar jiki. Sojojin jini suna da birki da ke hana su afka wa jikin mai su, daji kuma ya koyi taka musu wannan birki don su wuce shi. Waɗannan magunguna birkin suke saki. Na farko, ipilimumab, ya samu izini a Amurka a 2011, pembrolizumab da nivolumab suka biyo baya a 2014, kuma James Allison da Tasuku Honjo sun karɓi kyautar Nobel a 2018 kan binciken da ya haifar da su. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda mutanenmu suka sani da yaƙi da kurkunu, an same shi da melanoma a hanta da ƙwaƙwalwa a 2015 yana da shekara 90. Aka yi masa tiyata da gashin na'ura, aka sa shi a kan pembrolizumab, ya rayu har Disambar 2024, ya cika shekara 100.

Galibi ta jijiya ake ba da waɗannan magunguna cikin ruwa, kamar minti 30. Pembrolizumab miligiram 200 duk mako uku, ko 400 duk mako shida. Nivolumab 240 duk mako biyu, ko 480 duk mako huɗu. A wani babban gwaji na mutum 945 da aka bibiya shekara goma, kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye, kashi 37 na masu nivolumab kaɗai, kashi 19 na masu ipilimumab kaɗai. A zamanin kemo, rabin majinyata ba sa kai wata tara.

Sai dai kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a ɗora wa manominmu kai tsaye. Galibin waɗanda aka yi gwajin da su Turawa ne masu melanoman rana, kuma ba a taɓa yi musu wani magani ba kafin nan. Na tafin ƙafa ba ya jin wannan magani kamar wancan, domin sauye-sauyen da ke cikin ƙwayoyinsa kaɗan ne, garkuwar jiki ba ta saurin gane shi. Yana aiki ga wasu, amma waɗanda bai yi wa aiki ba sun fi yawa. Ga kuma kuɗi. A Amurka farashin zubi ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000, a nan ma miliyoyin naira ne, kuma cikakken tsari na shekara biyu zubi 35 ne. Ba a yanke hukunci sai an yi hoto a wajen mako na 12, wato bayan zubi huɗu. A ganina dangin da ba su da kuɗin zubi huɗun nan da na hoton a hannu, su sake zama da likita kafin su sayar da gonar da marayu za su ci. A kuma yi hattara da wanda zai ce yana da shi da araha a jaka. Magani ne da ke zama a sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi kan jabun magungunan daji.

Inda aka fi yin asarar rai shi ne illolinsa, don ba su yi kama da na kemo ba. Gashi ba ya zubewa, amai ba shi da yawa, sai a saki jiki. Amma garkuwar da aka sakar wa birki tana iya juyowa kan hanji, huhu, hanta, maƙoshi ko wasu gaɓoɓin da ke fitar da sinadarai, ko da watanni bayan an daina. Zawo ya ƙaru sau huɗu ko fiye a rana kan yadda aka saba, ko ya zo da jini, sai a ce taifot ne ko atini, a je kemis a sayo Flagyl da Cipro a yi kwana biyar ana sha, alhali hanji ne ke kumbura har yana iya hujewa. Busasshen tari da haki, a ce sanyi ne. Idanu su yi rawaya, a ce shawara, a jiƙa saiwa. Kasala mai tsanani da jiri, ko ƙishirwa da yawan fitsari, su ma alamu ne. Maganin mafi yawansu shi ne a dakatar da allurar, likita ya ba da prednisolone miligiram 1 zuwa 2 kan kowane kilo na nauyin jiki, a riƙa ragewa a hankali na aƙalla mako huɗu. Majinyaci ya riƙa yawo da takarda mai sunan maganin da ranar zubi na ƙarshe, ya nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da ya duba shi. Haɗin nivolumab da ipilimumab ya fi ƙarfi, amma fiye da rabin masu karɓarsa suna gamuwa da illa mai tsanani. Mutumin da ke zaune a ƙauyen Danko ko Shanga, sa'o'i daga asibitin da ya san abin, magani ɗaya ya fi masa aminci. Wani abin lura kuma: haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da na ƙiba da ake sayarwa a ƙulli yakan ƙunshi dexamethasone, wanda ke danne garkuwar da ake biyan miliyoyi don a tayar. A faɗa wa likita duk abin da ake sha.

Idan gwaji ya nuna sauyin BRAF, akwai ƙwayoyin sha: dabrafenib miligiram 150 sau biyu a rana tare da trametinib miligiram 2 sau ɗaya, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Suna da saurin aiki, cikin makonni ƙari kan sace, kusan mutum biyu cikin uku suna ganin sauƙi. Matsalar ita ce ciwon kan gano hanyar kauce musu, ga rabin mutane kafin shekara ta zagayo. Zazzaɓi na kama kusan rabin masu sha. In zafin jiki ya kai digiri 38, a dakatar da su duka biyu, a kira likita, a kuma gwada maleriya, kada a yi zato. Amma wannan sauyi, da ake samu a kusan rabin melanoman Turawa, a na tafin ƙafa bai wuce ɗaya cikin biyar ba. Wanda ba shi da shi, ƙwayoyin ba za su yi masa komai ba. Sauyin KIT kuwa ya fi yawa a irin namu fiye da na Turawa, kodayake shi ma a tsirarun mutane ne, kuma wasunsu na jin imatinib miligiram 400 a rana, tsohon magani da ya fi sauran sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman dunƙulen kakin nan.

Akwai sabon salo da Amurka ta amince da shi a Fabrairun 2024, lifileucel, inda ake ciro sojojin jini daga cikin ƙarin, a hayayyafa su, a mayar. Sai manyan cibiyoyi na can, ban kawo shi don a sa rai ba.

Tiyata da gashi suna da wurinsu ko ciwon ya yaɗu. Ƙari ɗaya tilo a huhu ko hanji, ko kaluluwar da ke neman fashewa, likitan fiɗa na iya cirewa. Gashin na'ura na kwantar da ciwon ƙashi, wani lokaci da zama ɗaya tak, yana tsayar da jini, yana rage ƙarin ƙwaƙwalwa. Mutanen Kebbi Sakkwato ta fi musu kusa, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai Shika a Zariya ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A samu takardar turawa, a tambayi ranar zuwa ta waya kafin a ɗauko mara lafiya. Ciwon baya da ya zo da nauyin ƙafafu ko riƙewar fitsari ba ya jiran gobe, lakar gadon baya ce ake dannewa.

Sai kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wadda mutane ke ɗauka sallama ce, alhali tun ranar farko ya kamata a fara ta. Ciwo mai tsanani morfin na sha yake so, ana farawa da miligiram 2.5 zuwa 5 duk awa huɗu, bisa agogo, ba sai ciwon ya taso ba, likita yana ƙarawa gwargwadon buƙata. Yana ɗaure ciki, don haka a haɗa da maganin sassauta bayan gida tun daga farko. Tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya bai kamata ya sa a bar dattijo yana kwana yana nishi ba. Diclofenac da ake ta banka wa mutane na watanni shi ne ke cin ciki da ƙoda. Gyambo mai wari, wanda ke korar har jikoki daga ɗaki, a wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. A daka ƙwayar Flagyl ta yi laushi a barbaɗa sau ɗaya ko biyu a rana, cikin kwana biyu zuwa uku warin ke raguwa. A rufe da bandejin da aka shafa wa basilin, a jiƙa shi kafin a ɓare don kada ya yi jini, a sa gidan sauro ko da rana saboda ƙuda.

Ga hukumomi kuma: tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab a jerin magungunan da suka zama dole, kuma saboda melanoma ta sa su. Asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, su fara da abin da ba zai gagare su ba: biyan kuɗin gwajin nama da na BRAF da KIT, da tabbatar da morfin na sha a manyan asibitocin Argungu, Yawuri da Zuru. Ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma, duk baƙin tabo ko gyambon tafin ƙafa da ya wuce wata guda bai warke ba, a tura shi gaba. In an riga an yanke, kada a jefar da naman. A sa shi a kwalba cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10, ruwan ya ninka naman sau goma, a rubuta suna da inda aka ciro shi, a aika ɗakin gwaji.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiya,
Birnin Kebbi.