Aikin Cajal Ya Wuce Lambar Nobel

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan Santiago Ramón y Cajal, likitan Sifaniya da ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tarin ƙwayoyin jijiya ce masu miƙa saƙo ga juna. Sai dai kun tsaya kan lambar Nobel da suka raba da likitan Italiya Camillo Golgi a 1906.

A ganina, babban aikinsa daga baya ya zo. Daga 1907 har rasuwarsa a 1934, shi ya shugabanci hukumar da ke tura matasan Sifaniya karatu ƙasashen waje, tana kuma tanadar musu ɗakunan bincike a Madrid. A ɗaya daga cikinsu wani likita mai bincike, Pío del Río Hortega, ya gano ƙwayoyin da ke share dattin ƙwaƙwalwa.

Ina roƙon ku ware wa hukumar nan rahoto guda, domin masu tsara kasafin ilimi su karanta.

Naku,
Mai karatu