Zuwa Ga Abokina A Faris: Labarin Mutumin Da Ke Jikin Allon Nan

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya sanyin Turai? Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Allon da ka ce ka gani a gindin gadar Pont Neuf, mai sunan Jacques de Molay, ai a wajen nan aka ƙone mutumin. Shi ne shugaban ƙarshe na ƙungiyar Templar, mayaƙan Salibiyya masu rantsuwar ba aure, ba tara dukiya. Ita kuwa ƙungiyar kuɗi ta tara, har baitulmalin sarkin Faransa a gidansu na Faris ake ajiyewa.

Ya shiga cikinsu a 1265, ya zama shugaba wajen 1292, bayan Sarkin Masar Ashraf Khalil ya ƙwace birnin Akka daga hannun mayaƙan Salibiyya a 1291. Ragowa ya gada ke nan. Suka tare a tsibirin Kubrus, yana ta roƙon sarakunan Turai su sake ɗaura yaƙi, ba wanda ya motsa.

Ka ga takobin Mamluk, masu mulkin Masar a lokacin, bai ci shi ba, na gida ne suka gama da shi. Yaƙe-yaƙe sun tsotse aljihun Sarkin Faransa Filib na huɗu, har a 1306 ya kori Yahudawa ya kwashe dukiyarsu. Ranar 12 ga Oktoba 1307 de Molay na cikin masu riƙe makarar matar ƙanin sarki. Gari na wayewa, ranar Juma'a, aka kama shi da mutanensa a duk faɗin ƙasar, wai suna ƙaryata Almasihu suna tofa wa gicciye yawu. Aka gana wa da yawansu azaba. Ko mako biyu ba a yi ba ya amsa laifi, kuma a ganina wannan ne ya karya mabiyansa. A 1310 aka ƙone 54 da suka janye maganarsu. A 1312 Paparoma Kilamen na biyar ya rushe ƙungiyar.

Sai a Maris 1314, ana karanta wa de Molay ɗaurin rai da rai a gaban cocin Notre-Dame, tsoho ya miƙe ya ce sharri aka yi musu. Da yammacin ranar aka cinna masa wuta tare da Geoffroi de Charney, wani babba a ƙungiyar. Paparoma ya mutu a Afrilu, sarki a Nuwamba, shi ya sa ake cewa baki ya yi musu.

Ka gaida maiɗaki da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum.