Zuwa ga Bello a Ingila

Assalamu alaikum, Bello na Inna.

Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara da sanyin can. Shirunka ya yi yawa, amma wannan shari'a sai ka zo. Albishirinka: babbar motar nan Bedford ta bayan gidan marigayi Alhaji a Kware ta zama tawa! Magada sun sa ta a kasuwa, 'yan gwangwan har sun yi ciniki za su yanka ta su auna a kilo. Malam Sani makanike ne ya bugo mini waya yana haki. Kafin la'asar na biya, har da tirelar tankin ruwan da ke jingine a gindin darbejiya.

Ka tuna musunka cewa ba ta soja ba ce, ta 'yan gyaɗa ce? To ka shirya biyan balangun. Mun kankare fentin ƙofa, ƙarƙashin shuɗin nan kore ne shar. A rufin kanta, saitin kujerar mai zaman gaba, akwai zagayayyar ƙofa da aka like da walda, wadda soja ke leƙowa ta ciki. Tayoyi huɗun duk suna ja, ga ƙugiya a baya wadda zoben tirelar ya zauna mata daram. Samfurin RL ce, wadda aka fara ƙera wa sojan Ingila a 1953. Sitiyarinta yana dama, alamar ta shigo kafin 1972 da Najeriya ta sauya hannun tuƙi. Malam Sani ya shafa ta ya ce, "Wagga mota ta hi ka shekaru, ka yi mata ladabi."

Af, Ɗan Ige ya ƙara aure, kuma har yanzu babur ɗin nan ne. Ya ce in gaya maka bai manta da hularsa ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne injin. Asalinta injin fetur ne mai silinda shida, lita 4.9, amma wani ya cire shi ya dasa mata na dizal lokacin da take jigilar albasa. Na asalin yana nan a zaure, ya kafe, ƙura ta cika kafireto. Kowa a garejin makanikai na Buzaye cewa yake in bar mata dizal, ga tsadar fetur, ga ta da sha. Na san gaskiya suke faɗa. Amma Bello, idan ba da muryarta ta tashi ba, me na ceto? Mun zuba wa silindojin mai muna jira ya jiƙa. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna neman zoben fistin da robobin birki, shiru. Shasin kuwa lafiya lau, bushewar ƙasarmu ta yi mata rana. Tsatsa sai a gindin tankin tirela inda ruwa ya daɗe yana kwana.

Kore dai ba za ta koma ba, tunda doka ta hana farar hula fentin soja, kuma ka san halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu. Ruwan ƙasa zan yi mata, in bar tafin hannu ɗaya na tsohon koren a cikin ƙofa.

Na ga Inna ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, tana cigiyar hoton jikokinta. An yi ruwa sosai wajen Wamakko, gero ya yi kyau. Ka kira ta, don Allah, kafin ka kira ni.

Naka,
Umaru